Ɗan dambe a cikin keji

Yawancin samarin da ke zuwa wajenmu koyon faɗan keji, wanda ake kira MMA, daga gidan dambe suke fitowa, wasu kuma daga wajen ɗaga ƙarfe. Masu ɗaga ƙarfen sun fi ba ni ciwon kai, amma 'yan damben na fi so, don haka da su zan fara.

Ɗan dambe yana zuwa da abu biyu da kuɗi ba ya saye: hannu mai nauyi, da zuciyar da ba ta tsoron naushi. Wanda ya taɓa tsayawa a Ado Bayero Square, kalangu na tashi, 'yan Kudu da 'yan Arewa na ihu, ba keji ne zai firgita shi ba. Sai dai jikinsa da wani lokaci daban ya saba. A dambe zagaye ake yi, a auna juna, a kai hari, a raba, kuma da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. A keji kuwa in ka faɗi, yanzu aka fara. Turmi ɗaya minti 5 ne, hutu minti 1, a yi turmi 3, in wasan kambu ne a yi 5. Minti 25 ke nan wani ƙato na neman danne ka, ko ya shaƙe ka, ko ya murɗe maka hannu. Yaron da ke kashe mutum da bugu ɗaya a gidan dambe, kafin minti na uku za ka ga baki a buɗe, hannuwa sun sauka.

Shi ya sa nake yawan kawo musu zancen Kamaru Usman. Haifaffen Auchi ne, ya koma Amurka yana yaro, kuma da kokawa ya tashi, har ya ci kofin ƙasa na rukuni na biyu na jami'o'i a 2010. Ranar da ya karɓe kambun UFC, babban kamfanin shirya faɗan keji na duniya, daga hannun Tyron Woodley a watan Maris na 2019, turmi biyar cur ya yi yana matse mutumin a jikin keji, yana kayar da shi, yana hana shi shan iska. Woodley na da hannu mai kisa, amma hannun bai samu wurin fita ba. Mu da muke da kokawar gargajiya a gida, ga Nijar inda ake gasar takobi duk ƙasa na kallo, abin kunya ne a ce a nan aka fi mu.

Atisayenmu ba shi da wani sirri. Gudu bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, wani lokaci mai tsawo a hankali, wani lokaci gajere da ƙarfi ana tsayawa ana sakewa. Da yamma a buga buhu, a yi tsallen igiya, a hau katifa a yi kokawa, komai da agogo: minti 5 aiki, minti 1 hutu, don jiki ya haddace lissafin. Ƙarfe sau biyu a mako ya isa, kuma ƙafa da baya da wuya nake so a gina, ƙirji ya biyo baya. Ba na barin su riƙa dukan kan juna da ƙarfi kullum da sunan gwaji. Ƙwaƙwalwa ba ta yin kanta kamar tafin hannu.

Sai abinci. Tambayar farko da sabon yaro ke yi ita ce, "Koci, wane gari zan saya?" Yana nufin garin furotin na gwangwani da yake gani a Instagram, wanda kuɗinsa zai ciyar da gidansu kwanaki. Nakan ce masa ya fara faɗa mini abin da ya ci jiya. Amsar kusan ɗaya ce: shayi da burodi, taliyar leda, lemon kwalba. Masana sun ce mai atisaye mai tsanani na buƙatar furotin kimanin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 70 yana neman aƙalla giram 112 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko kusa da haka, to ka ga ƙwai kaɗai ba zai kai shi ba sai ya ci kusan ashirin. Amma haɗa wake da shinkafa, da awara, da ƙuli-ƙuli, da busasshen kifi a miya, da nono mai kyau, da ɗan nama in hali ya yi, ka raba su sau uku ko huɗu a yini, sai ka tarar lissafin ya fita. Tuwo da fura kuma kada wanda ya raina su, su ne man da ake ƙonawa a turmi na uku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tiramadol kuwa, duk wanda na kama da shi ya bar mana katifarmu. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sikeli. Damben gargajiya bai san ajin nauyi ba, ƙaramin yaro mai zuciya na iya neman ƙato. A keji ana auna mutum kwana ɗaya kafin wasa, kuma kowane aji da iyakarsa: ajin da Khabib Nurmagomedov, tsohon zakaran UFC ɗan Rasha, ya yi sarauta fam 155 ne, kilo 70 da ɗan ɗoriya, na Usman fam 170, kilo 77, na Israel Adesanya fam 185, kusan kilo 84. Wannan tazarar ta kwana ɗaya ita ta haifar da wata mummunar al'ada. Mutum yana yawo da nauyin da ya fi ajinsa nesa, sai a makon wasa ya matse ruwan jikinsa. Ya daina cin gishiri, ya daina cin sitaci, domin kowane giram na sitacin da tsoka ta ajiye yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Daga nan ya rage shan ruwa, ya shiga ɗakin turiri ko bahon ruwan zafi, ya hau sikeli idanu sun zurma. Yana sauka ya hau sha da ci, washegari ya shiga keji da nauyinsa na da.

Yaranmu na kallon wannan a waya, suna ɗauka jarumta ce. Ba sa ganin likitoci da masu tsara abinci da ke tsaye a kan waɗancan mutane, kuma duk da haka abin na kayar da su. Khabib ɗin da suke ƙauna, a watan Maris na 2017 asibiti aka kai shi yana tsakiyar rage nauyi, aka fasa wasansa da Tony Ferguson. A watan Disamba na 2015 wani matashi ɗan ƙasar Sin, Yang Jian Bing, mai shekara 21, ya rasu a Manila yana rage nauyi don wasan ONE Championship. Bayan rasuwarsa ne kamfanin ya hana rage nauyi ta hanyar ƙishirwa, ya fara gwada fitsarin 'yan wasa don a ga ko da ruwa a jikinsu. Jini na yin kauri in ruwa ya ƙare, ƙoda na wahala, zuciya na bugu ba daidai ba. To ina ga yaron da zai naɗe jikinsa da leda ya fita gudu a Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba kowa a kusa da shi sai abokinsa mai riƙe masa waya?

Da azumi dai na sassauta komai. Aiki mai nauyi sai bayan tarawihi, a sha ruwa a hankali daga buɗa-baki zuwa sahur, wanda ya zubar da gumi sosai ya haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda iyayenmu mata ke haɗa wa yara: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba ma karɓar wasa a watan, kamar yadda Khabib ma ba ya karɓa lokacin da yake wasa.

Dokar sikeli a wajenmu guda ce. Yaron da ke yawo da kilo 76, a ajin 77 zai yi wasa. In ya nace sai ajin 70, to ya ba ni wata uku, mu rage man soya da lemon kwalba, ya riƙa sauke rabin kilo a mako, ina auna shi duk safiyar Asabar da hannuna. In ƙarfinsa ya fara raguwa a katifa kafin mu kai, mu koma 77.