Ɗan kogi a kan murjanin Bur Sudan

A Yawuri na tashi, bakin kogin Kwara, inda yaro ɗan shekara bakwai ya san ɗaura ƙugiya. Shi ya sa ranar da aka kai ni gaban dattijon da zan yi wa aiki a Bur Sudan, garin tashar jiragen ruwa da ke bakin Bahar Maliya, ƙarshen shekarar 2016, na tsaya ina ji da kaina. Na gama karatu a Hartum, takardata ba ta fito ba, aljihu ya bushe, sai wani abokin karatuna ɗan garin ya ce kawunsa na neman yaron jirgi. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya da irin Hausar nan da Larabci ya ɗan lanƙwasa wa harshe: "Ɗana, ka iya ruwa?" Na ce tun ina ƙarami, Baba. "Wane ruwan?" Na ce Kwara. Ya yi dariya har da tari, ya ce to, gobe bayan asuba.

Kakansa mahajjaci ne da ya taso a ƙasa daga Arewa, ya tsallaka ta Sawakin, ya sauke farali, ya dawo ya yi zamansa a gaɓar teku. Irinsu suna da yawa a can. Sawakin ɗin ma da dutsen murjani aka gina tsofaffin gidajenta, kuma ƙuncin mashigarta na daga cikin abin da ya sa Turawan Ingila suka kafa Bur Sudan a 1905 don manyan jirage. A bakin ruwa kowa Rayyis yake kiran dattijon, wato shugaban jirgi, ni kuma Baba.

Jirginsa na faiba ne, tsawon mita bakwai, da injin Yamaha a baya. Ba kasuwa muke kai kifi ba. Mutane muke ɗauka, ma'aikatan tashar jirage, likitoci, 'yan banki, waɗanda suka yi mako a cikin ofis suke son su jiƙa hannu ranar Juma'a ko Asabar. Mutum uku ko huɗu, da tulun shayi, da akwatin ƙanƙara. Aikina in ɗora kaya, in yanka sardin da muka saya wurin masu birgi da sassafe, in warware zaren da baƙo ya cukuikuye, in riƙe wa mai amai kai.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne hasken ruwan. A Kwara in ka shiga zuwa gwiwa ba ka ganin ƙafarka, masunci da hannu da kunne yake aiki. A Bahar Maliya kuwa kana zaune cikin jirgi kana kallon ƙasa a zurfin gaba goma, kifi na kai da kawo kamar a cikin kwalba. Babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a tekun, ruwan sama kaɗan ne, don haka babu laka. Gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne, kuma duk wani ɗan yanka da ke hannunka sai ya gaya maka haka. Na ɗauka wanda ya iya ruwan duhu, ruwan haske wasa ne.

A mako na uku Baba ya ba ni kan inji. Bur Sudan gabas take fuskanta, saboda haka mai fita da safe rana yake tunkara. Al'adarsa shi ne ya bi hanyar da ya sani ya fita zurfi, mu ja zare a bayan jirgi muna neman kifayen da suke kira bayad ko agam, sai rana ta ɗaga sannan ya kusanci sha'ab, wato tudun murjanin da ke kwance dab da saman ruwa. Ni kuwa na hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa can gefe, na san akwai kifi a ƙarƙashinsu, sai na karya kan jirgi ba tare da na tambaya ba. Rana na idona, ruwan gabana ya zama kamar farantin silba, ban ga komai ba. Sai ƙara, ƙurrr, jirgi ya girgiza, shayin wani baƙo ya kife masa a cinya. Farfela ta ci dutse, reshe ɗaya ya lanƙwashe. Muka lallaɓo gida kamar masu rakiyar gawa, babu kifi ko ɗaya, Baba ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Bai yi mini faɗa ba, bai kuma cire ko sisi daga ladana ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Abin da ya yi shi ne ya kafa ni a goshin jirgi wata guda cur, ina tsaye ina kiran launin ruwa da ƙarfi kamar mai talla. Shuɗi mai duhu, zurfi ne, a wuce. Kore mai haske, yashi ne, ba zurfi amma babu haɗari. Ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya, murjani ne a kusa, a kauce. Duk wannan ba ya karantuwa sai rana tana sama ko tana bayanka, kuma in gajimare ya gifta ko iska ta yamutsa fuskar ruwa, karatun ya goge. Baƙi suna ta dariya, wani ma ya riƙa kirana ladan. Kafin watan ya ƙare na fara ganin abin da da nake kallo kawai.

Wata rana muna wucewa ta sha'ab ɗin Winget, Baba ya nuna mini inda Umbriya take kwance, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a watan Yuni na 1940 don kada Ingila ta ƙwace shi, cikinsa maƙare da bama-bamai. Murjani ya lulluɓe shi, a lokacin masu ninƙaya daga Turai suna biyan kuɗi su je kallo. Can gaba kuma, wajen kilomita 25 daga gaɓa, akwai Sanganeb mai doguwar hasumiyar fitila, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a shekarar da na je. Nan ba ma jefa ƙugiya, sai dai mu kai masu son hoto.

Ni a da murjani dutse na ɗauke shi, ko kuma abin wuyan mata. A jirgin nan na san cewa halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne ke gina shi a hankali, irin dunƙulallen nan ma bai fi santimita ɗaya yake ƙaruwa ba a shekara. Wanda ya kai girman rumbu ya girmi kakan kakana. Anga ɗinmu ta rodi ce, mai yatsu huɗu, an yi ta ne yadda in ta maƙale za ta miƙe ta fito. Duk da haka Baba ba ya yarda a sake ta sai a kan farin yashi, ko da za mu yi zagaye uku muna nema. Ranar da na gaji na wurga ta inda ta faɗa, da na jawo sai ga reshen murjani ya biyo ta, fari fat a wurin karayar. Ya karɓa ya juya shi a hannu ya ce, "Ka zo roƙo gidan mutum, ka fara da fasa masa rufin ɗaki."

Kamun kifin kansa da zaren hannu ake yi, zaren roba a naɗe a katako, da dalma, da ƙugiya ɗaya. Ana yanka tsohon tub ɗin keke a zura a ɗan yatsa, in ba haka ba zare ya yanka ka har ƙashi. A gida an koya mini cewa babban kifi, irin giwan ruwa, sakar masa ake yi ya gaji. Wannan ilimin ya cinye mini ƙugiya ba adadi. Najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi da ya fi kowane tsada a kasuwar garin, a bakin raminsa yake cin abinci. Yana cafka zai juya ya shige, in ka ba shi gaba ɗaya ta zare to ya shiga, murjani kuma ya datse zaren kamar reza. Jan farko da na biyu su ne shari'ar, ko ka ɗaga shi daga dutse ko ka yi sallama da shi. Bayan nan sai ka yi sauri, don akwai mai jiran rabonsa a tsakiyar ruwa. Sau da yawa baƙo na cikin kabbara zare ya yi sako-sako, ya jawo kan kifi zalla, girish, wato kifin shak, ya tafi da sauran. Da hakan ta faru sau biyu Baba zai ce a ɗaga anga, ba ya ciyar da su.

Duk waɗannan hannu ne ke koyonsu, kuma hannu ba ya gardama. Darasin da ya ba ni wuya shi ne na watan Afrilu.

Lokacin ne najil ke taruwa a wasu kusurwoyin sha'ab don haihuwa, kifin da ka saba samun ɗaya ko biyu a wuni sai ka tarar da su tuli a wuri guda. Ran nan muna ɗauke da wani babban mutum da abokansa biyu. Cikin rabin awa manyan najil shida suka hau jirgi. Mutumin ya cire hula, yana ta ɗaukar hoto zai sa a Facebook, yana cewa yau sai akwati ya ƙi rufuwa. Sai na ji Baba ya ce, "Ɗana, ɗaga ƙarfe."

"Rayyis, wasa kake yi? Yanzu fa aka fara."

"Ranka ya daɗe, mutum uku ne ku, kifi shida. Gidan wa za a kai na bakwai?"

"Zan ninka maka kuɗin jirgi."

"Allah ya ƙara buɗi. Mu je can gaba, akwai kifin sha'ur."

Gaskiya a zuciyata ina bayan baƙon. Na riga na lissafa abin da zai damƙa mini in mun sauka, na ja angar nan ina ƙunƙuni. Ɗaya daga cikin abokan ya kawo shawara mai kama da hankali, ya ce to a ci gaba da kamawa don nishaɗi, ana sakinsu. Baba bai amsa ba, ya nuna masa na ƙarshen da aka jawo daga zurfin gaba ashirin da wani abu. Idanunsa sun firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki. Kifi yana da jakar iska a ciki, nauyin ruwa kuma yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda a kowace mita 10. In ka fizgo shi sama da sauri jakar ta kumbura, ko ka sake shi ba ya iya nutsewa, sai ya yi ta yawo a sama har tsuntsu ko girish ya same shi.

Mutumin bai sake hawa jirginmu ba, ni ma ban sami ko ficika ba. Da yamma muna wanke jirgi na kasa haƙuri na ce, Baba, mutum uku da zare uku me za su rage a teku? Ya ce ba teku suke kamawa ba, kusurwa ɗaya suke kamawa, kuma manya suke zaɓa. Ya ce najil mace ake haifarsa, sai ya girma wasu su juye maza, in ka kwashe manyan ka bar gari babu angwaye. Na ɗauka tatsuniyar masunta ce. Daga baya na karanta na tarar haka masana suka tabbatar game da wannan dangin kifi. Na kuma ga cewa bohar, jan kifin da muke jawowa muna murna, yana iya haura shekara 50 a raye. Ni da na saba da tarwaɗar kandami da ke kai kilo cikin wata shida, ban taɓa kawowa a raina cewa kifin da ke cikin akwatin ƙanƙara zai iya zama sa'an mahaifina ba. A tsallaken tekun, Saudiyya kan hana kamun najil na wasu watanni a lokacin haihuwarsa. A inda muke, abin da na gani yana hanawa shi ne bakin mai jirgi.

Ba waliyyi nake son in mai da shi ba. Yana son kuɗi kamar kowa, yana ɓoye wurarensa, ya kan daidaita ƙololuwar wani dutse da wata hasumiya a gari ya gane inda yake, kuma ko ni bai nuna mini duka ba. Wasu jiragen suna zuwa kusurwar nan bayanmu su cika akwati. Lissafinsa na mai gona ne: wannan sha'ab ɗin zai dawo mako mai zuwa da wasu baƙin, da mako na bayansa. Ra'ayina dai, mai kamun nishaɗi ya fi mai kamun abinci bukatar wanda zai tsawata masa, domin mai neman abinci in ya samu ya kan tuna gida, shi kuwa mai nishaɗi babu cikin da zai cika ya ce masa ya isa.

Haka yake da lokacin komawa. A wannan gaɓar iskar arewa ce ke mulki, ta kan yi sanyi da asuba ta taso in rana ta yi tsaka. Kifi kuwa kamar da gangan, ya fi ci daidai lokacin da ya kamata a tafi. Baba ba ya duba agogo, fararen kawunan igiyar ruwa yake hange can nesa, da ya ga sun fara yawa shi ke nan. Ranar Juma'a aikin da sauƙi, ka ce za a rasa salla kowa ya naɗe zarensa. Ranar Asabar ce ake jan rai, kullum akwai mai cewa jefa ɗaya tak, Rayyis, ɗaya tak.

Takardata ta fito a watan Mayu na 2017. Asabar ɗin ƙarshe Baba ya ba ni kan inji tun daga bakin gaɓa, karo na farko tun ranar farfela, ya je goshin jirgi ya zauna ya ba ni baya. Na bi hanya na fita zurfi, na jira rana ta ɗaga, na zagaya har na sami yashi. Wajen sha ɗaya sha'ur na ci sosai, na ɗaga kai na ga fari-fari ya fara tasowa daga arewa. Na dubi Baba, bai waiwayo ba. Na ce wa baƙin su naɗe, wani ya ce, kai yaro, Rayyis ma bai yi magana ba. Na ce ranka ya daɗe, a yi haƙuri, na tashi na kama igiyar anga. Mun shigo mashiga ruwa na watso mana a fuska, kowa ya jiƙe. Da muka ɗaure jirgi Baba ya sauka, ya karkaɗe rigarsa, ya ce in tabbata na wanke akwatin ƙanƙara da kyau, na makon jiya yana ƙarni.