Tarihin Rayuwata, kashi na 14: 'Yan Kamri

Makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga labarin neman aurena na fari, to amma maganar ba ta shiguwa sai an bi ta Tafashiya, garin da aka ƙare yaƙin basasar Kano a ƙasar Katsina. 'Yan gidanmu sun san dalili. Wanda bai sani ba ya yi haƙuri ya biyo ni, domin abin da ya hana ni yarinyar da na nema a cikin birnin Kano a 1974 ya faru ne tun 1895, lokacin da Iya, wadda ta haifi Baba, ba ta wuce shekara bakwai zuwa takwas ba.

Iya tana da magana ɗaya da ba ta gajiya da ita: "Ba gudu muka yi ba, Sarki muka bi." Ko faɗa muke yi da yaran unguwa wani ya ruga gida, sai ta ce da shi, kai ne ka gudu, mu kam Sarki muka bi. Muna yara dariya muke yi, mun ɗauka irin zancen tsofaffi ne. Sai da na girma na san akwai jini a ƙarƙashin maganar.

Asalin abin rigimar gida ɗaya ce, gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Ɗansa Sarki Abdullahi Maje Karofi ya hau a 1855, ya daɗe a kan gado, Allah kuma ya ba shi 'ya'ya maza da yawa. Da ya rasu sai Sakkwato ta ba ƙaninsa Muhammadu Bello. Bello ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa daga sarautu yana cusa nasa, ya yi wa ɗansa Tukur Galadima. Kowa a birni ya ga inda aka dosa. Tukur kuma ya je yaƙin Argungu ya yi jarumtar da ta shiga ran Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Saboda haka da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, umarni ya zo a naɗa Tukur, aka naɗa shi. Yusufu ɗan Abdullahi, wanda shi ma ya taɓa riƙe Galadima, ya ce ba da shi ba. Ya kwashi 'yan'uwansa da bayin sarki masu yawa da duk wanda Bello ya ɓata wa rai, suka fita suka kafa sansani a Takai. Daga nan gari ya rabu biyu, ga Tukurawa ga Yusufawa, har wa da ƙani a gida ɗaya.

Mahaifin Iya ba basarake ba ne, ba kuma bafade ba. Baduku ne, yana ɗinka kube da layu da kayan doki, ubangidansa kuwa wani hakimi ne daga cikin waɗanda suka yi wa Tukur mubaya'a. Ba wanda ya tambayi ra'ayinsa. Inda ubangida ya sa gaba nan bara yake binsa, ga kuma hujja a hannu, tunda wanda Sakkwato ta naɗa shi ne Sarki. A wancan zamani wannan ba ƙaramar magana ba ce, malamai ma a kanta suka tsaya.

Ba zan wanke Tukur ba don kakannina sun bi shi. Da Yusufawa suka kawo harinsu na farko aka kore su, bai tausaya wa waɗanda aka kama ba, har mutanen cikin gari da ake zargi da son 'ya'yan Abdullahi sun ɗanɗana. Iya da kanta takan ce a watannin nan ba ka yarda da maƙwabcinka, in ka ji sallama da dare sai gabanka ya faɗi. Wannan ya ƙara kora masa mutane. Yusufawa kuwa suka yi ta cin garuruwan gabas da kudu suna ƙara ƙarfi. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a Garko a 1894. Manyan tafiyar suka ɗora ƙaninsa Aliyu, wato Alu Mai Sango, kuma da wayo suka zaɓa, domin mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Sun san ko ba daɗe ko ba jima Sakkwato za ta ji nauyin ɗan 'yarta.

Da daminar 1894 Alu ya ci birni. Abin da Iya ta riƙe na ranar shi ne taɓo. Ta ce an tashe su ana ihu, uwarta ta goya ƙanwarta, ta ɗora mata ƙwaryar gero a ka, ubansu ya naɗe basilla da wuƙar yankan fata da ragowar jar fata a cikin buzu ya rataya. Ba a rufe ƙofar gida ba, don uwar ta ce kwana biyu ne za a dawo. Suka bi ayarin Sarki suka yi arewa maso yamma, dawa ta fi mutum tsawo, dawakai sun tattake hanya ta zama kwaɓa. Ƙwaryar ta suɓuce mata a wani rafi, geron ya bi ruwa, uwarta ta kwaɗa mata mari a tsakiyar mutane. Tana da shekara tamanin da wani abu tana ba ni labarin marin nan tana shafa kunci.

Kamri, a ƙasar Katsina, nan Tukur ya sauka, nan suka yi kaka suka yi ɗari. Kullum zancen ɗaya ne, gudummawa na tafe. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna su taimaki wanda ya naɗa, sai dai kowa ya yi ta jan ƙafa, don ba mai son ya zubar da mutanensa a rigimar gidan wani. Mutane suka fara sulalewa da dare suna komawa Kano neman afuwa. Mahaifin Iya bai koma ba. A nan ne maganarta take da ƙarfi, kuma a nan nake tsayawa in an zo gardama: wanda ya gudu ai shi ne wanda ya bar Sarki a Kamri ya je ya faɗi gaban wanda ya ci gari. Jikokin waɗannan su ne yau suke da manyan zaure a cikin birni, su ne kuma suke kiran mu 'yan gudu.

Na tuna ma, shekarun baya da na je ɗaurin aure wajen Kankiya, na sa direba ya bi da ni Tafashiya. Gonaki ne da shanu da yara masu tallan gyaɗa. Na tsaya bakin hanya na yi wa waɗanda suka kwanta a wurin addu'a, na ɓangarorin biyu, direban yana ta duba agogo.

A watan Maris na 1895 Alu ya fito da rundunarsa ya biyo su har ƙasar Katsina. Azumi ake yi, zafi ya fara. Iya ta ce kwanakin da suka gabaci karon ubanta bai yi barcin kirki ba, mayaƙa na ta kawo layu a rufe musu da fata, wannan ya kawo ɗamarar sirdi ta tsinke, wancan kubensa ya farke. Da hasken wutar kara yake ɗinki, ita ce mai riƙe masa zare. Wani saurayi ya kawo layu har bakwai a ɗinke masa a jere a ɗamara, ba shi da ko wuri na biya, ya ce in an dawo. Uban ya ce Allah ya dawo da ku lafiya, ya ɗinke masa.

Aka haɗu a Tafashiya. Tukurawa ba su da yawan da za su tsaya wa rundunar Kano, yaƙin bai ja ba aka karya su. Tukur bai juya ba, a fagen aka same shi, kuma sunan da ake kamawa na wanda ya kai masa hannu shi ne Abdu Nagwangwazo. A Gurum aka binne shi. Ɗan wa ne da ɗan ƙani suka yi wannan, jikokin mutum ɗaya, a cikin watan azumi. Iya ba ta ga fagen ba, mata da yara suna baya. Ƙura ta gani, da dawakai suna dawowa ba mahaya, da mata suna ta kiran sunayen 'ya'yansu.

A ranar aka rasa Yaya. Haka take kiransa, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, kuma Baba ma da aka sa masa sunan, Yaya ƙarami take ce masa. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, aikinsa yankan ciyawar doki. Ya fita da lauje da safe, masu bin sawun waɗanda aka karya suka haɗa da shi. Bayan basasa an bautar da mutane da yawa, 'ya'yan Musulmi masu salla, laifinsu kawai an ce Tukurawa ne, kamar yadda su ma Tukurawa suka yi wa na wancan ɓangare lokacin da gari ke hannunsu. Ubansu ya bi kasuwanni yana cigiya har ƙafarsa ta gaji. Duk fataken da suka sauka daga arewa sai ya je ya kwatanta musu yaro mai tabon ƙuna a hannun hagu. Har ya koma ga Allah ba labari.

Ita kuwa Sakkwato da ta ce a bi Tukur, da ta ga Alu ya zauna daram sai ta sallama masa. Manya suka shirya abinsu. Baduku da aka ce masa bin naɗaɗɗen Sarki wajibi ne, aka bar shi a ƙauyen Katsina ba gida ba ɗa. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun ina saurayi, har yau da furfura bai wuce ba.

Sai bayan zuwan Turawa, zamanin Sarki Abbas, suka komo. Gidan nan da ba a rufe ƙofarsa ba sun tarar da wasu a ciki, an ba wani da ya yi wa Alu yaƙi. Ba wurin kai ƙara, tunda Abbas ɗin ma ɗan Abdullahi ne, kuma tun daga ranar har yau sarauta ba ta sake fita daga wannan ɗaki ba. Suka sauka Fagge cikin baƙi. Shi ya sa mu da asalinmu ke cikin ganuwa muka tashi ana ce mana Fagawa. In Iya za ta kai ni Kurmi ina yaro, sai ta yi doguwar kewaya don kada ta bi ta lungun. Sau ɗaya na ja ta muka bi, ta tsaya ta nuna mini bakin rijiya da sandarta ta ce kakanta ne ya haƙa, ta wuce ba ta ƙara ko kalma ba.

To, a 1974 ina yaron kanti a Kwari na ga yarinya a cikin birni, muka daidaita, mahaifinta ma bai ƙi ba. Baffa ya ɗauki goro da alewa shi da abokinsa suka je gaisuwa. Wan mahaifin yarinyar, wani Alhaji mai yawan carbi, ya shiga tambayar asali. Baffa mutum ne mai gaskiya, ya faɗi unguwarmu ta dā, ya faɗi yadda aka yi muka koma Fagge. Alhajin ya gyara zama ya ce, "Au, 'yan Kamri ne ashe? Ai mu ba ma ba 'yan gudu." Bayan kwana kaɗan aka dawo da kayan, ko ƙullin goron ba a kwance ba.

Iya a lokacin idonta ya tafi, tana kwance a ɗaki. Mun so mu ɓoye mata, Gwaggo ta kasa riƙe bakinta. Ta sa aka kira ni, ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Maigida, kai ne aka hana mata?" Na ce ni ne, Iya. Ta ce, "Ka koma ka tambayi wannan Alhajin, ran da Nasara suka shiga Kano, ina Sarkin da kakansa ya bi yake? Mu namu a fagen fama ya faɗi."

Ta san abin da take faɗa. Da Turawa suka ci Kano a farkon Fabrairun 1903, Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Ya rabu da rundunarsa da dare ya yi arewa, Wazirin Kano Ahmadu ne ya ja waɗanda suka rage har ya yi shahada a Kwatarkwashi. Daga baya aka kama Alu, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ni ban ɗauki wannan abin gori ba. Alu jarumi ne, ya tare Damagaram, malami ne kuma mai waƙoƙin bege, kuma kowa ya san bindigar Nasara ba irin ta Tafashiya ba ce. Amma mutumin da ya buɗe baki ya kira kakan wani ɗan gudu, ya kamata ya fara leƙa bayan nasa gidan. Ban kai saƙon ba, Baffa ya hana, ya ce ba a mayar wa babba magana. Iya ta yi fushi da mu duka, ta yi kwanaki in na gaishe ta sai ta ce, "Ba gudu muka yi ba," ta juya fuska bango. Ba ta ga damina biyu bayan nan ba, Allah ya jiƙanta.

Yarinyar an ba wani ɗan'uwansu, Allah ya ba su zuri'a, ba ni da komai da ita. Shi Alhajin ne dai duniya ta juya masa. Zamanin Shagari, na buɗe nawa kantin, sai ga shi da rana tsaka yana neman atamfa bashi, zai haɗa wa ɗansa lefe. Ya gane ni, na gane shi. Na tashi na ba shi kujera, na ce ranka ya daɗe zaɓi abin da kake so, na sa yaro ya kai masa har mota. Har ya rasu bai biya ba, ni kuma ban taɓa aikawa ba. In 'ya'yansa na karanta wannan, su kwantar da hankalinsu, kuɗin na yafe tuntuni. Maganar Kamri ce ban yafe ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Gwaggo ta samo mini uwar yaran nan a nan Fagge, da rigimar akwati da ta kusa rushe auren tun ba a ɗaura ba.