Farfesa Ibrahim Umar da takardar da ke aljihun teburina

Yau kwana 9 ke nan da shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda. Ana so in zama mataimakinsa mai kula da harkokin karatu. Ya ce, "Malam, ka je ka yi shawara da iyali, amma don Allah kada ka daɗe." Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na dawo ɗakin gwaje-gwaje na saka ta a aljihun tebur inda nake ajiye zare da batura da guntayen alli. Tana nan har yanzu.

Shekara 19 ina koyar da fiziks a sakandare, kuma a makarantar da nake ni kaɗai ne malamin darasin. Ranar da na koma ofis, ajujuwana za su faɗa hannun ɗan bautar ƙasa, wanda zai yi watanninsa ya kama gabansa, a sake jiran wani. Wannan ne ya hana ni barci. A cikin dararen nan kuma mutum ɗaya ne yake ta dawo mini a rai, mutumin da ban taɓa zama da shi ba ko sau ɗaya: marigayi Farfesa Ibrahim Umar, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986.

Na fara ganin sunansa a ɗan littafin da ake rabawa ranar bikin yaye ɗalibai, a shafin da aka jera shugabannin jami'ar. Ina zaune ƙarƙashin rumfa da rigar biki, zafi ya ishe ni, ina ta juya shafuka kafin a zo kanmu. Daga baya wani malaminmu ya shaida mini cewa mutumin nan ɗan sashenmu ne, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya koyar da fiziks a jami'ar, a 1976. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Mu da muke ganin 'yan fiziks ba su da wurin zuwa sai aji da allo, ashe ɗaya daga cikinmu ya riƙe jami'ar baki ɗaya har shekara 7.

Digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi shi, na biyu a Jami'ar Arewacin Illinois da ke Amurka, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar East Anglia ta Ingila, ya kammala a 1974. Abin da ya fi tsaya mini shi ne lissafin shekarun. Ya gama karatu a 1974. Ya shiga aji a Kano a 1976. A 1978 yana cikin majalisar da ta yi aikin kundin tsarin mulkin Jamhuriya ta Biyu. A 1979 ya zama shugaban jami'a. Shekara 5 kacal tsakanin digirin digirgir da kujerar shugabanci. Duk wanda ya san harkar bincike ya san waɗannan su ne shekarun da masanin kimiyya yake kan ganiyarsa: hannunsa bai manta na'ura ba, tambayoyin da ya taho da su daga wurin malamansa suna nan da ɗuminsu. A daidai wannan lokacin aka ce masa ga fayil, ga taron majalisar jami'a, ga 'yan kwangila suna jira a waje.

Na daɗe ina kallon wannan a matsayin asara, kuma har yau ban sauka daga ra'ayin gaba ɗaya ba. A Arewa muna da wannan al'ada, kuma ƙarancin mutane ne ya jawo ta: da zarar an samu mutum ɗaya da ya yi fice a kimiyya, sai a ɗauke shi a ba shi ofis, domin ofisoshin sun fi masu ilimin yawa. Farfesa Iya Abubakar, gwanin lissafin da ake ba da labarinsa har gobe, shi ma an ba shi shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello a 1975. A Ingila ko Amurka idan aka ɗauke masani ɗaya daga ɗakin bincike, akwai ɗari a bayansa. Mu a lokacin idan aka ɗauke ɗaya, sau da yawa shi ke nan.

Sai dai da na zauna na duba irin jami'ar da aka miƙa masa, zuciyata ta ɗan sauko. Makarantar ta faro ne a 1960 a matsayin kwaleji, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin jami'ar Zariya, ba ta zama cikakkiyar jami'a ba sai 1977. An fi saninta da Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsuna. Kimiyya sabuwar baƙuwa ce a gidan. Bayan tafiyar shugabanta na farko, Dakta Mahmud Tukur, gwamnatin soja ta kawo Farfesa Ezeilo daga jami'ar Nsukka, a zamanin da ake musayar shugabannin jami'o'i tsakanin sassan ƙasa, shi ma bai daɗe ba. Wato jaririyar jami'a ce da ta ga shugabanni biyu cikin ɗan lokaci, sannan na uku ya zo ya zauna shekara 7.

Kuma shekaru ne masu nauyi. Ya ga mulkin Shagari, ya ga na Buhari, ya ga farkon na Babangida. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000 a birnin da jami'ar take. A Yulin 1981 aka yi tarzomar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa. Kuɗin man fetur da aka dogara da su aka buɗe sababbin jami'o'i a tsakiyar shekarun 1970 suka fara ƙafewa, a 1982 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, a 1984 aka daina ciyar da ɗalibai abinci mai rahusa a jami'o'i. Ni da na san yadda ake shan wahala kafin a samu ma'aunin lantarki guda ɗaya mai kyau, ina iya kintata halin da sashen kimiyya yake shiga a zamanin da kowace na'ura sai an nemi lasisin shigo da kaya da kuɗin waje. A irin wannan lokaci, samun mutum a saman tebur wanda ya san cewa ba a koyar da kimiyya da baki kawai, ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai taɓa riƙe na'ura ba, idan kuɗi suka yi kaɗan, ɗakin gwaji ne wurin da zai fara yanka.

Akwai gwajin da nake yi wa 'yan aji huɗu duk shekara, gwajin lilo. Zare ne mai tsawon mita ɗaya, da ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshensa, a ɗaure a jikin sanda. Yaro zai ja shi gefe kaɗan ya saki, ya ƙirga zuwa da dawowa 20, wani yana riƙe da agogo. Zai samu daƙiƙa 40 ko kusa da haka. Daga nan su yi lissafi su fitar da ƙarfin da ƙasa take jawo abu da shi, wanda littafi ya ce 9.8 ne. A zangon da ya wuce wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta samu 10.6, ta zo ta ce, "Malam, nawa bai yi ba." Na ce ta sake auna zaren. Ashe daga ƙullin sama zuwa saman ƙarfen ta auna, ba zuwa tsakiyarsa ba, sannan ta fara ƙirga da ɗaya tun lokacin da ta saki. Ta gyara, ta maimaita sau uku, ta samu 9.7. Ta tsaya tana kallon takardar, sannan ta kalli zaren, ta ce a hankali, "Ashe da gaske ne." Wannan kalmar ita ce albashina na gaskiya, kuma ita nake tsoron rasawa. A ofis babu zaren da za ka sake aunawa. Matsalar mutane ba ta maimaituwa sau uku don ka ɗauki matsakaici. Kowane fayil da ɗan'uwan wani a bayansa.

Amma dubi inda hanyar ta kai Farfesa Umar bayan jami'a. An yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Ƙasa tun 1979, ba ta fara aiki ba sai bayan shekara 10, kuma shi aka naɗa babban daraktanta a 1989. Daga nan ya riƙa wakiltar Najeriya a taron hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Vienna, har ya shugabanci majalisar gwamnoninta mai ƙasashe 35 daga 2000 zuwa 2001, zamanin Mohamed ElBaradei yana babban darakta. Mutumin da ya fara da 'yan ɗalibai ƙalilan a tsohuwar harabar Bayero, ga shi yana jan ragamar zaman da manyan ƙasashe suke muhawara kan yuraniyom.

Na taɓa kai ɗalibaina ziyara Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya take. Ta fara aiki a 2004, ƙirar China ce, an same ta da taimakon IAEA, kuma ƙarfinta kusan kilowat 30 ne kawai, kamar a kunna dutsen guga 30 a lokaci ɗaya. Ba wutar lantarki take bayarwa ba. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da duwatsun ma'adinai, ana kuma horar da ɗalibai. A motar dawowa yaran ba su yi maganar komai ba sai ita. Ni kuwa abin da nake tunani shi ne yawan shekarun zaman taro da rubuce-rubuce da sa hannu da aka yi kafin a yarda a ba ƙasa irin tamu wannan na'ura. Duk waɗanda suka yi wannan zaman, dole akwai masu fiziks a cikinsu da suka haƙura da nasu binciken. Da kowa ya ce shi aji kawai yake so, da yarana ba su ga abin da suka gani a ranar ba.

Da na ji labarin rasuwarsa a Janairun 2023, na sa 'yan aji shida suka yi masa addu'a kafin mu fara darasi. Babu wanda ya taɓa jin sunansa a cikinsu. Na rubuta shi a allo da shekarun nan, 1974, 1976, 1979, na bar shi har aka tashi. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.

Maiɗakina ta ce, "Malam, kullum kana kukan ba a sayen kayan gwaji. To ga shi an ce ka zo inda ake rubuta abin da za a saya." Gaskiya ta faɗa. Wani tsohon malamina kuma da na kira a waya ya ce, "Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. In ka shiga ofis, cikin shekara biyu za ka manta hanyar ɗakin gwaji." Shi ma ya san abin da yake faɗa, domin ya gani a kan abokansa.

Jiya bayan sallar la'asar na koma wurin shugaban makaranta. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan karɓa, amma da roƙo biyu. A bar mini 'yan aji shida da gwaje-gwajensu na jarrabawar WAEC, sannan a rubuta wa ma'aikata a nemi malamin fiziks na dindindin, ni zan bi takardar da ƙafata." Ya yi shiru, ya ce zai duba jadawali, in dawo ranar Litinin. Kafin nan, gobe da ƙarfe 8 ina da 'yan aji huɗu, kuma zare uku daga cikin shida sun tsinke, sai na biya kasuwa da yamma.