Yadda ɗana ya koyi neman ruwa ba tare da buga kai ba

Ɗana yana da shekara huɗu likita ya tabbatar mana galahanga ce ke gare shi. Ba ya magana, ba ya juyowa in an kira sunansa, in yana son abu kuwa sai ihu da buga goshi a bango. A unguwarmu ta Zengo kowa da tasa shawarar, wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Addu'a ba mu bari ba, amma likitan bai rufe mu ba: babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da galahanga. Akwai magani irin risperidone, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba yara masu galahanga a 2006, sai dai tsananin fushi da ji wa kai ciwo kawai yake ragewa, ga ƙiba da barci da yake sawa. Ya ce babban aikin horo ne, kuma tunda Yamai, inda za mu nemi masu ba da horon, ta yi mana nisa, kusan kilomita 900 daga Damagaram, mu ne malamansa.

Abin da ya fara sa ni shi ne in riƙa rubuta abu uku duk sanda yaron ya tayar da rigima: me ya faru kafin nan, me ya yi, me ya samu bayan ya yi. Da rubutun ya taru sai na ga yawancin bugun kan a gindin randa yake faruwa, kuma da ya buga wani zai rugo da moɗa. Ashe hanyar da ya sani ke nan ta roƙon ruwa.

Sai muka ba shi wata hanya, ta miƙa hoto, wadda Andy Bondy da Lori Frost suka tsara a Amurka a 1985. Na ɗauki hoton moɗarmu da salula, aka wanke mini shi, aka rufe da leda. Aikin na mutum biyu ne. Ni ina gabansa riƙe da ruwa, bakina a rufe. Da ya miƙo hannu, uwarsa daga baya ta kama hannun, ta ɗora shi a kan hoton, ta kawo shi tafin hannuna. Nan take in ce "ruwa", in ba shi kurɓi ɗaya, don ƙishin ya sake dawo da shi. Sannu a hankali ta koma riƙe tsintsiyar hannu, daga nan taɓa gwiwar hannu, har ta janye gaba ɗaya.

Kafin abin ya yi sauƙi sai da ya ƙara tsanani. An gaya mana haka za a yi, don yaro kan ƙara ƙaimi in tsohuwar dabararsa ta daina ci. Mukan sa filo tsakanin goshinsa da bango, ba faɗa, ba lallashi, mu nuna masa hoton. Mahaifiyata ta kasa jurewa.

"Haba ɗan nan, a garin nan da zafin nan ka ja wa yaro rai a kan ruwa?"

"Inna, ba hana shi muke yi ba. Ga hoton nan, ki karɓa da hannunki ki ba shi."

Ranar da ta yarda ta zauna ta karɓa, ranar aikin ya kama hanya, don in mutum ɗaya a gida yana ba da ruwa saboda ihu, na sauran ya rushe.

Na ji cewa a binciken da Ivar Lovaas, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya wallafa a 1987, awa 40 a mako aka yi wa yara masu galahanga horon ɗabi'a. Wane mai neman abinci ke da wannan lokaci? Mu a cikin wanka da cin tuwo da sa riga muke cusa namu. Kuma ba kowace ɗabi'a nake taɓawa ba. Yana kaɗa hannuwa in ya ji daɗi, maƙwabta na cewa a hana shi. Manya masu galahanga da yawa sun ce hana su irin wannan ya cuce su, ni ma ban ga wanda kaɗa hannu ya yi wa illa ba, sai na bar masa abinsa.

Yanzu hotunan sun ƙaru, akwai na fura, na ƙosai, na ƙofar gida in yana son fita. Wanda muke fama da shi a halin yanzu na buta ne, don har yanzu bai yarda ya shiga bayi shi kaɗai ba.