Aikin da ke farawa da jira

Ofishinmu ɗaki biyu ne da wurin zaman jira, mu uku muke aiki a ciki. Aikinmu gyaran magana ne, kuma masu zuwa wurinmu manya ne masu in'ina: malaman makaranta, direbobi, ɗalibai, da masu neman aiki da ganawar gwaji ke hana su barci. Maza sun fi yawa, don a cikin manya masu in'ina ana samun kusan maza 4 a kan mace 1. Kusan mutum 1 cikin kowane 100 na manya a duniya yana da ita.

In zan ɗauki ma'aikaci, takardunsa na dubawa, amma abin da ke yanke hukunci shi ne yadda fuskarsa ke yi idan kalma ta maƙale a bakin wani. Ya kau da ido? Ya yi ta gyaɗa kai kamar mai cewa yi ka gama? Ya ƙarasa masa kalmar? Wanda ya shekara talatin ana ce masa "yi a hankali", "ja numfashi", yana gane ƙosawa a idon mai sauraro tun kafin mai sauraron ya san ya ƙosa. Dabarun magana ana koya wa sabon ma'aikaci cikin watanni. Jira da ido a kan ido, ba tausayi a fuska, ba gaggawa, shi ne mai wuyar samu.

A zaman farko kusan kowa sai ya tambaya: "Likita, zan warke?" Nakan ce masa, "Malam, ni ba likita ba ne, kuma ba zan yi maka alkawarin da ban iya cikawa ba." Yara kamar 5 cikin 100 sukan yi in'ina, yawanci tsakanin shekara 2 da 5, kuma akasarinsu ta kan bar su. Wadda ta bi mutum har girma da wuya ta tafi gaba ɗaya. Ba tsoro ne ya kawo ta ba, ba kuma laifin iyaye ba ne. Tana bin dangi, kuma a 2010 masu bincike a Amurka sun gano wasu sauye-sauyen ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita. Abin da za a iya samu shi ne magana da ƙarancin kokawa, da daina gudun waya da taro. Wasu suna jin haka sai su tafi ba su dawo ba. Yana min ciwo, don haya da albashi ba sa jira, amma wanda aka fara da shi a kan ƙarya, ranar da ya gano sai ya daina yarda da sauran abin da aka koya masa.

Darasin da ya fi shiga jikina wani mutum ne ya koya min shi a shekarun farko. Lokacin ƙirga nake yi: gaɓoɓi nawa ya furta, nawa suka maƙale. Mako bayan mako lissafinsa na sauka, ina ta yaba masa. Kwatsam ya daina zuwa. Bayan watanni ya dawo ya ce min, "Ba sauƙi na samu ba. Na ga kana murna idan ban yi in'ina ba, sai na riƙa canza kalmomi don in faranta maka." Wato abin da yake yi wa duniya tun yana yaro, ɓoyewa, shi na sa ya riƙa yi a ɗakina. Joseph Sheehan, masanin halayyar ɗan Adam wanda shi ma mai in'ina ne, ya kwatanta ta a 1970 da dutsen ƙanƙara mai yawo a teku: abin da kunne ke ji ɗan kaɗan ne a saman ruwa, kunya da fargaba da kauce-kauce suna ƙasa. Ni saman kawai nake aunawa.

Tun daga nan ba na fara wata dabara sai mun zauna mun daidaita. Edward Bordin, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya rubuta a 1979 cewa haɗin gwiwar mai ba da magani da mai karɓa ya tsaya a kan abu uku: yarda kan inda aka dosa, yarda kan aikin da za a yi, da amanar da ke tsakani. Wani burinsa ya faɗi sunansa a waya, don suna ba shi da madadi. Ana iya cewa abin hawa a maimakon mota, amma ba a sauya sunan kai. Wata burinta ta yi tambaya a taron ma'aikata ko da za ta maƙale. Burin nasu ne, ni hanya na sani.

Akwai aikin da nake ɗauka daga hanyar Charles Van Riper, masanin gyaran magana wanda shi ma ya yi fama da in'ina: yin ta da gangan, don tsoronta ya ragu. Ba na tura kowa ya yi sai na fara. Mukan fita tare, in tsayar da baƙo in tambayi hanya ina in'ina, shi yana gefe yana kallon fuskar baƙon. Har yau gabana na faɗuwa duk sanda zan yi. Bayan nan maganarmu takan canza, ya fara gaya min abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Idan mutum ya fara tsayawa da ƙafafunsa sai mu buɗe tazarar zama, daga mako zuwa wata, har ya daina buƙatata. Kafin mu rabu nakan faɗa masa cewa in'ina kan dawo da ƙarfi lokacin gajiya ko damuwa, kuma ƙofa a buɗe take. Mutumin nan da ya taɓa ɓoye min, bara ya bugo waya. Ya maƙale a harafin farko na sunansa na wasu daƙiƙu, na riƙe wayar na jira, ya fitar da shi, sannan ya nemi zama ɗaya kafin wani jawabi da zai yi a wurin aiki.