Gwada zafin gini tun yana kan takarda

Abu na farko da aikin gwajin makamashi, wato lissafa zafin gini da wutar da zai ci a kwamfuta kafin a gina shi, ke koya wa mai zanen gini shi ne kada ya makara. In aka bari zane ya kammala, injiniya ya lissafa rodi, mai gida ya sa hannu, to gwajin ba zai juya ginin ba, iyakarsa ya faɗi girman na'urar sanyaya ɗaki da za a saya. Tun gini yana akwati zalla, bango huɗu da rufi, ake fara gwada shi.

Manhaja irin EnergyPlus, ta Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, tana bin awa 8,760 na shekara tana lissafa zafin da ke shiga da wanda ke fita. Amfanin tura aikin ga manyan kwamfutocin intanet shi ne yawa: fuskar gini kala 4, girman taga kala 3, rufi kala 2, gwaji 24 ke nan, duk a tashi ɗaya, maimakon kwamfutar ofis ta yini tana nishi.

Kuskure kuwa yawanci daga abin da aka ɗura wa manhajar yake. Fayil ɗin yanayi, mai ɗauke da bayanan zafi, laima da rana na garin da za a yi ginin, shi ne na farko. Wanda ya ɗora na Legas a kan ginin Kano ya gwada zafi mai laima, alhali matsalarsa busasshen zafin bazara ce da sanyin daren hunturu. Sai kibiyar arewa, mai nuna wa manhaja inda gini ya fuskanta, da sau da yawa ake barin ta yadda manhaja ta zo da ita, tagogin yamma su koma kudu a lissafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rumfar saman taga tana tare ranar tsaka, amma ranar la'asar ta gefe take shigowa, sai an sa mata shinge a tsaye ko an rage gilashin. A Kano ma, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana, don haka bangon arewa shi ma yana son inuwa.

A duba jadawalin lokutan amfani da gini da na'urorinsa da manhaja ta zo da shi. Galibi na ofisoshin Amurka ne, inda wuta ba ta ɗaukewa. A gyara shi, sannan a sake gwadawa da na'urar sanyaya a kashe, a ƙirga awannin da ɗaki ba ya zaunuwa.

Ƙa'idar Najeriya ta 2017 kan tsimin makamashi a gine-gine ta ce kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango, sai in an ƙara inuwa. Daga nan ya kamata a fara. Alƙaluman wannan mataki na gwama zaɓi da zaɓi ne, kada a miƙa wa mai gida su a matsayin kuɗin wutar da zai biya.