"Likita, wannan ba irin wancan ba ne"

Shekara huɗu ina duba wani tela mai amosanin ƙashin baya, irin wanda likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis. Na san ciwonsa kamar yunwar cikina. Yakan tashe shi wajen ƙarfe uku na dare, bayansa ya sandare fiye da rabin awa da safe, sai ya taka zuwa masallaci ya dawo sannan ya sake shi. Hutu ke tayar da shi, motsi ke kwantar da shi. Maganin ciwo da kumburi mai suna naproxen na riƙe shi daidai gwargwado.

Ranar da ya shigo yana dafa bango, ban gama sauraronsa ba na yanke hukunci a raina cewa ciwon ne ya motsa. Lokacin hunturu ne, layi kuma ya kai bakin ƙofa. Ya ce, "Likita, wannan ba irin wancan ba ne." Na ce, "Malam, sanyi ne, kowa kuka yake." Na ƙara masa magani, na sa aka ɗauki hoton ƙashi, ban ga komai ba sai gaɓoɓin da suka manne kamar gora, abin da na riga na sani. Na sallame shi.

Bayan kwana goma sha biyu ƙaninsa ya kawo shi a kan keken marasa lafiya, ƙafar hagu ta yi nauyi, fitsari yana masa gardama. Sai a lokacin na yi tambayar da ta kamata in yi tun farko: ka faɗi ne? Ashe santsi ya ɗebe shi a wurin alwala, ya zauna daɓas. Bai ɗauke ta faɗuwa ba, shi ya sa bai ambata ba. Ni kuma ban tambaya ba.

Hoton CT, wanda ke nuna ƙashi dalla-dalla fiye da hoto na yau da kullum, ya nuna karaya a ƙashin baya, daidai inda sashen ƙirji ya haɗu da na kwankwaso. Ƙashin bayan da ya manne ba ya lanƙwasa, ga shi ya yi rauni daga ciki, sai ya karye kamar alli, kuma hoton ƙashi na yau da kullum yakan ɓoye irin wannan karayar. Na karanta wannan a makaranta, har na amsa shi a jarrabawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin ya faɗa mini da bakinsa. Sabon ciwon a wuri ɗaya yake, yana nuna shi da yatsa, motsi ke tayar da shi, kwanciya ke sauƙaƙa shi. Kishiyar tsohon ke nan sak.

Yanzu duk mai wannan cuta da ya zo da ciwon baya, sai na sa ya kwatanta mini shi da wanda ya saba. In ya canza, ko tuntuɓe ya yi, CT ko MRI (hoton da ke nuna har laka da jijiyoyi) nake nema, duk da na san kuɗin ba wasa ba ne. In akwai zazzaɓi, gumin dare da rama, tarin fuka na ƙashin baya nake fara zargi, musamman ga masu allurar adalimumab, maganin wannan cuta mai rage garkuwar jiki. Kuma ba na barin a miƙar da mai lanƙwasasshen baya a kan gado da ƙarfi, a tokare shi da matashi yadda jikinsa yake.

An yi wa telan aiki, an sa ƙarafa. Yana tafiya da sanda, ya koma keken ɗinki na lantarki don ƙafar ba ta iya taka na da. Da ƙaramar Sallah ya aiko mini da kaftani. Yana nan cikin leda, na kasa sa shi.